Ina mijin yake a waƙar da ake yi wa kishiya habaici?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a jami'a, kundina a kan waƙoƙin da mata ke yi game da wahalar zaman aure ne. Na ɗauko wata waƙar daka daga bakin kakata. Tun daga farko har ƙarshe kishiya take yi wa habaici: an yi wa amarya sabon zane ita nata ya koɗe, ita ke surfe da daka wata na miƙe da ƙafa, tana kiran innarta ta zo ta ga yadda ta rame, tana tambaya ko rafin hanyar garinsu ya janye. Sau ɗaya maigidan ya fito a waƙar, shi ma yabonsa ta yi, ta ce rumbunsa ba ya ƙarewa. Mai duba aikina ya ce wannan kishi ne kawai, babu danniyar namiji a ciki, in nemo wata. Ƙawata kuma ta ce in rubuta cewa waƙar tawaye ce ga mulkin maza. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki sauya waƙar nan. Ta fi waƙoƙi goma da suka fito ɓaro-ɓaro suka ce maza azzalumai ne, domin irin waɗancan ba sa bar wa manazarci aikin yi. Sai dai ba zan ce ki bi ƙawarki ba, kuma malaminki yana da gaskiyarsa a wani gefe, zan zo kanta.

Ki ɗauki koke-koken da ke cikin waƙar ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kowanne: a hannun wa maganinsa yake?

Fara da zanen. Kishiya ba ta tufatar da kishiya. Ci da sha da sutura da wurin kwana duk a wuyan miji suke, kuma wannan ba sabon ilimi ba ne da aka shigo da shi daga waje. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da aka ɗora wa miji yin adalci tsakanin matansa da ciyar da su da ba su muhalli gwargwadon ƙarfinsa. Al'ada ma ta ƙara nata a kai: namijin da zai yi amarya ana sa ran ya yi wa uwargida kayan faɗar kishiya, don kada ta zauna da tsofaffin tsummoki tana kallon lefen wata. To macen da ta ce an yi wa amarya sabo ita nata ya koɗe, wa take nufi da "an"? Ba amarya ce ta je kasuwa ta yanko ba. Ki lura da wannan 'yar kalmar duk inda ta fito a waƙar, ki ƙirga ayyukan da aka jingina mata. Za ki ga yawancinsu mutum ɗaya ne a gidan ke da ikon yin su.

Haka zancen surfe da daka. A gidan mace fiye da ɗaya girki na bin kwana ne. Amarya budurwa tana da kwana bakwai, bazawara uku, daga nan a koma rabo, a yawancin gidajenmu kwana bibbiyu. Idan kwanakin amarci sun wuce amma har yanzu mace ɗaya ce a bakin turmi kullum, to rabon ya karye, kuma wanda ya kamata ya tsayar da shi ya kau da kai. Kiran inna da tambayar rafi ma nan suka dosa. Ba ruwa ne kaɗai ke hana matar aure zuwa garinsu ba, sai an ba ta izini. Tana iya yiwuwa ganin gida take so, tana iya yiwuwa yaji take aunawa a ranta. Ko wanne ne, ƙofar da za ta fita ba a hannun amarya take ba.

Yanzu ki koma kan yabon nan guda ɗaya, wanda a ganina shi ne zuciyar waƙar. Rumbunsa ba ya ƙarewa. Idan kika ciro shi shi kaɗai, kirari ne irin wanda kowace mace ke yi wa miji manomi. Amma ba shi kaɗai yake ba, yana zaune ne kusa da ɗan waƙar, wato baitin, da ta ce inna zo ki ga na rame. A ƙauyuka da yawa maigida ne ke buɗe rumbu ya fito da dami, ko ya auna hatsin ranar ya miƙa wa mai girki. Rumbu cike, mai dakan hatsin a rame: duk macen da ke tsakar gidan ta gane lissafin ba sai an yi mata fashin baƙi ba. Shi kuwa maigida in yana zaure ya jiyo, abin da ya shiga kunnensa yabo ne, ba shi da abin kamawa. Ban ce ki yanke hukunci cewa gatse ne ba tun kafin ki bincika. Ki koma ki saurari muryar kakarki a daidai wurin. Ta ja shi ne ko ta datse? Ta yi dariya bayansa? Sauran matan da ke wurin sun yi shewa? Wannan shaidar ta fi duk abin da ni ko malaminki za mu faɗa daga nesa.

Me ya sa ba za ta fito fili ta ambace shi ba? Ki tuna macen zamanin kakarki ko sunan mijinta ba ta faɗa. Maigida ne, ko Malam, ko Alhaji, ko kuma "shi" kawai. Wadda kunya ta hana ta kiran sunansa a zancen yau da kullum, ba za ta ɗaga murya a tsakar gida ta jero laifuffukansa ba. In ta yi, ta san abin da zai biyo baya: a ce ba ta da tarbiyya, a kai ƙararta gidansu, iyayenta su dawo da ita da kalmar da kowace mace ta haddace, wato ki yi haƙuri, ko kuma a miƙo mata takarda. Kishiya kuwa al'ada ta halatta a taɓa ta. Har karin magana an tanada domin haka, irin su ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu. Mace ta caccaki kishiyarta a waƙa, mutane su yi dariya su ce kishi kumallon mata, a wuce wurin. Saboda haka ɓacin ran da ba shi da hanyar zuwa turaka sai ya bi hanyar da aka bar masa a buɗe, ya nufi ɗakin amarya.

Kuma ki rubuta yadda ake yin waƙar, kada ki tsaya kan kalmomi kawai. Mata biyu ko uku a kan turmi guda, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, lugude ya kankama, wata ta cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Mai bayarwa tana jefa ɗan waƙa tsakanin bugu da bugu, sauran suna amsawa. Wadda ake yi dominta tana nan bakin murhu ko ƙofar ɗakinta, tana ji, ba ta da damar tankawa, domin in ta tanka ta amsa sunanta ke nan, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wannan shi ne bambancin habaici da zambo. Zambo yana siffanta mutum har a nuna shi da yatsa, habaici kuwa yana barin ƙofar musu. In maigida ya shigo ya ce da wa kike, amsar a shirye take: waƙar daka ce, tun ina yarinya nake jin ta a bakin innata. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Rashin sunan miji a waƙar ba shaida ba ne cewa ba ya ciki, sharaɗin da ya sa waƙar ta iya fitowa daga baki ne tun farko.

Ga inda malaminki yake da gaskiya. Kishin na gaske ne. Kada ki mayar da amarya wata inuwa da aka kafa don a ɓoye miji a bayanta, kamar mai waƙar ba ta jin zafinta ko kaɗan. Tana ji. Mata suna cutar mata a gidan aure, uwar miji tana iya fin mijin tsanani, ƙannen miji mata da facaloli suna da nasu rabon. Kundin da ya nuna mata duka a gefe guda suna kuka, maza duka a ɗaya gefen riƙe da bulala, duk wanda ya tashi a babban gida zai san ba a faɗi gaskiya ba. Abin da za ki nuna shi ne tsarin da ya sa mata biyu suke kokawa a kan zane ɗaya da mudu ɗaya da hankalin mutum ɗaya. Mowa da bora ba su suka naɗa kansu ba. Ita amaryar ma, wa ya sani ko an tambaye ta kafin a kawo ta? Wataƙila tana da tata waƙar da take yi in uwargida ta tafi unguwa. In kin sami irin wannan, ki ajiye su gefe da gefe, babi guda ne sukutum.

Sai ƙawarki. Kalmar tawaye ta yi wa waƙar nan yawa, kuma za ta sa ki faɗi abin da kakarki ba ta faɗa ba. Duba abin da mai waƙar take nema: a yi mata zane, a raba aiki, a ciyar da ita, a bar ta ta ga mahaifiyarta. Ba ta ce a daina auren mace fiye da ɗaya ba, ba ta ce maigida ya sauka daga shugabancin gida ba. Ma'aunin da take auna shi da shi nasa ne, wanda shi ma ya yarda da shi, wato addini da al'ada. Wannan kai ƙara ne, kuma yana da tsohon tarihi da ya kamata ki sani, musamman saboda masu cewa duk macen da ta koka da miji ta koyo daga Turawa ne. Suratul Mujadala, sura ta 58, ta buɗe ne da labarin Khaulatu 'yar Sa'alaba, wadda mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari, wato ya haramta wa kansa ita ta hanyar kamanta ta da mahaifiyarsa, bayan ta tsufa a gidansa ta haifa masa 'ya'ya. Ta zo tana jayayya da Manzon Allah (SAW) a kan lamarin, tana kai kukanta ga Allah, aka saukar da aya cewa Allah ya ji maganarta. A nan ƙasar kuma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya soki malaman zamaninsa da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna mu'amala da su kamar kayan aikin gida da ake mora har su lalace a yar. Ya kuma gargaɗi mata game da masu yi musu wa'azin biyayyar miji alhali ba sa koya musu biyayyar Allah da Manzonsa. Shehu ya rasu a 1817. Idan kika ɗora waƙar kakarki a kan wannan turbar, za ta zauna daram, kuma ba wanda zai ce kin cusa mata baƙon ra'ayi.

Ban hana ki amfani da ra'in matantaka ba, wato hanyar nazarin da ke duba matsayin mata da 'yancinsu, na san sashenku zai nemi ki ambaci ra'in da kika ɗora aikin a kai. Abin da nake gani a kundaye da yawa shi ne ɗalibi ya cika babi na biyu da sunayen marubutan Faransa da Amurka, sannan ya zo babi na huɗu ya tilasta wa waƙar tsohuwa ta maimaita abin da suka ce. Ki bari waƙar ta fara magana, sannan ki ɗauko daga ra'in abin da ya taimaka miki ki ji ta da kyau. In kina son aikin waje da ya yi kusa da naki, ki nemi na Lila Abu-Lughod, wadda ta zauna cikin Larabawan Aulad Ali na hamadar yammacin Masar, littafinta ya fito a 1986. Ta lura cewa mace za ta ce ko a jikinta game da sakin da aka yi mata ko mijin da ya juya mata baya, sannan a cikin 'yan gajerun waƙoƙin da suke rerawa tsakaninsu ta fito da ciwon a fili, kuma jama'arta ba sa ganin ta yi abin kunya, domin waƙa ce. Ba ta ce ɗaya gaskiya ɗaya ƙarya ba, ta ɗauki duka biyun a matsayin muryar mace ɗaya. Wannan ya fi kusa da tsakar gidan kakarki fiye da yawancin abin da ake kwafowa.

Akwai wani tarko da ban ga kin ambata ba, kuma shi ya fi kama ɗalibai: ɗaukar "ni" ta cikin waƙa a matsayin wadda ta rera ta. Waƙar daka gado ce. Mai yiwuwa kakarki ta koye ta tun kafin a yi mata aure, mai yiwuwa ma ba ta taɓa zama da kishiya ba. Ki tuna kukan amarya ranar kai ta ɗaki da waƙoƙin da ƙawaye ke yi mata: wadda aka yi wa auren dole tana kuka, wadda ta zaɓi mijinta da kanta ma tana kuka, don in ba ta yi ba a ce ta ƙosa. Mai nazarin da ya ga hawaye ya rubuta "auren dole" bai yi bincike ba. Hanyar da za ki rarrabe ita ce ki nemi wasu tsofaffi biyu ko uku a garin, ko a ƙauyen da kakarki ta taso, su rera miki waƙar. Abin da kowa ya faɗa shi ne gadon. Abin da kakarki kaɗai ta faɗa, nan ne hannunta yake. Idan ya zamana zancen rumbun nan ita kaɗai ke da shi, kin sami abin rubutawa babba. Idan kowa na faɗarsa, shi ma sakamako ne: yana nufin matsalar ta yawaita har ta zama abin da uwa ke miƙa wa 'yarta tare da taɓarya.

Wannan tambaya ta wa ke magana za ta ƙara yi miki amfani in kika faɗaɗa zuwa waƙoƙin zamani, inda sau da yawa namiji ne ya rubuta baitocin, mace ta hau kai a situdiyo. Ba laifi ba ne, amma ba abu ɗaya ba ne da waƙar da mace ta ƙaga a bakin turmi.

Kada kuma kundin ya zama kuka zalla, domin matan ba kuka kaɗai suka yi ba. Ki saurari amada, kiɗan ƙwarya da mata ke yi a biki da suna, wasu ƙoren a kife a ƙasa, wata a kife a kan ruwa. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada kafin ta, sun yi ta taɓa waɗannan batutuwa, kishiya da haihuwa da halin zaman gida, amma da shewa da rawa da baki mai kaifi. Barmani ta yi suna wajen zuga mata su kama sana'a da yi wa macen da ta zauna hannu rabbana dariya. Ki duba wannan da kyau, amsa ce ga matsalar zanen da ya koɗe: macen da ke ƙuli-ƙuli ko fura ko kitso a cikin gida, kuɗinta nata ne, ba ta jiran a yanko mata. Wurin ma ya bambanta. Amada taron mata ne, mawaƙiyar sana'arta ke nan, ba gidan mijinta take ba, shi ya sa take iya faɗin abin da mai daka sai dai ta kewaya. A ɗaya ɓangaren kuma, matan da suka rubuta waƙa da sunansu a kai, irin su Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu da aka buga waƙoƙinsu a Zariya a 1983, sun fi karkata ga faɗakarwa da wayar da kai. Waƙar da ke ɗauke da sunanki ba ki da damar cewa ta innarki ce. Gwargwadon yadda za a iya kama mai magana, gwargwadon yadda take tauna maganarta, kuma wannan ma'auni zai yi miki aiki a kan kowace waƙa kika ɗauko.

Game da tsarin rubutun, tunda waƙar baka ce, hanyar Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau za ki bi, ta turke, wato babban saƙon waƙa, da tubalan gininsa, wato ƙananan saƙonnin da suka gina shi, ba ta jigo da ake bi a rubutacciyar waƙa ba. A nan ne za ki sasanta da malaminki ba tare da jayayya ba. Ki sa babban turke ya zama kokawa kan rashin adalci a zaman gida, habaici ga kishiya ya zama babban tubalinsa, sai begen gida, sai yabon miji. Kin ga ba ki musanta kishin da ya gani ba, kin dai nuna abin da kishin yake tsaye a kai. Ki kai masa 'ya'yan waƙar a rubuce, kowanne da tambayar nan a gefensa ta a hannun wa maganin yake. Malami mai adalci zai karɓi hujjar da ta fito daga cikin matani.

Ki sake ɗaukar waƙar da turmi na gaske in kakarki tana da sauran ƙarfi, ko ta zauna tana bayarwa wasu na dakawa. Waƙar da aka rera a kan tabarma don a faranta wa jika rai takan rasa rabin 'ya'yanta, bugun taɓarya ne ke tuno da su. Injin niƙa ya riga ya kashe waƙar dutsen niƙa a yawancin garuruwa, ta daka ma tana bin sahu, don haka ki ajiye sautin a wuri fiye da ɗaya, ki ba ɗakin karatun sashenku kwafi.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki ɗauke shi da wasa. Kariyar mai habaici ita ce ba wanda zai iya tabbatar da wa take. Ke kuma aikinki shi ne ki tabbatar, ki rubuta, a ɗaure a ajiye a laburare, wataƙila ma a ɗora a intanet. Idan kakarki ta buɗe miki ciki ta ce da kakanki take, ko da abokiyar zamanta wadda 'ya'yanta da jikokinta suna nan da rai kuna haɗuwa a biki, ki tambaye ta ƙarara abin da ta yarda a rubuta da abin da ta faɗa miki a matsayin jika kawai. Ki sakaya sunan kishiyar da na maigidan da na unguwar. Sunanta ita kuwa, in ta amince, ki sa shi cikakke a matsayin mai waƙa, tare da garinsu da ranar da kika ɗauka.